Ranar da Aka Auna Ruwan Kanwata

"Ki rantse!" na ce da ita. "Ki dubi tsabar idona ki rantse ba ki taɓa zuba masa miyarki ba."

"Ba zan rantse ba, Yaya Dija." Adunni ta dire mazurarin manja a kan tebur. "Shekara talatin da huɗu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yau ni za ki zo ki titsiye a shagona, a gaban masu ciniki?"

Masu cinikin mata biyu ne kacal, kuma tuni an sallame su, amma kowacce ta sami abin gyarawa a bakin zaninta. Ban ga laifinsu ba. Da ni ce ma ba zan tafi ba.

"An gan shi," na ce. "Ran Talata an gan shi ya fito daga nan yana goge baki. Ran Alhamis ma haka."

"Wa ya gan shi?"

"Wadda ta gani ta gani."

"Ya Gana mai kanwa ce," in ji Adunni. "Matar da ba ta ganin ƙudan da ke kan tirenta, ita ce ta hango bakin Malam Jalo daga tsallaken titi."

Bari in tsaya in gaya muku mafari, kada ku ɗauka haka kawai nake bin shagunan mutane ina tada jijiyar wuya. Sunana Dijatu. A Azare aka haife ni, a nan na tsufa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shekara biyu, shi ma rabinsa hira muka sha a bayan aji. Ni da maigidana Malam Jalo shekararmu hamsin da ɗaya tare. Wata uku da suka wuce ya dawo daga gonarsa ta Chinade a kan babur, yana sauka ya dafa bango ya ce ƙasa tana juya masa. Aka kai shi asibiti. Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya ce hawan jini ne, ɗari da tamanin. Ya rubuta ƙwayoyi, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Mama, gishiri. Ki janye masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano."

Na janye. Allah ne shaidata na janye. Robar gishirin ma kyauta na bayar, ni kaina na koma cin lami tare da shi. Aka koma bayan wata ɗaya, ɗari da saba'in da takwas. Aka sake komawa, ɗari da tamanin da biyu. A nan ne ɗanmu na uku, Abubakar Siddiƙ, mai aiki a Bauchi, ya kira ni a waya.

"Inna, ban ce kina da laifi ba."

"To me ka ce?"

"Na ce ran ashirin ga wata za a sake awo. In bai sauka ba zan zo in ɗauki Baba ya zauna a wurina. Asma'u ta iya girkin masu hawan jini, tana gani a waya."

Tana gani a waya! Matarsa fa ke nan, yarinyar da satin da aka kawo ta ta tambaye ni ko ana wanke garin kuka kafin a kaɗa. Ita ce za ta ciyar da mutumin da ko gyaran murya ya yi na san abin da cikinsa yake nema. Ni kuma a bar ni da awaki biyu da rediyo. Wai ai sai in zo mu tafi tare. Na ce in bar gidana in je in zauna a saman bene, inda mutum zai wuni bai san wa ya shiga gidan wa ba?

Saura kwana goma sha shida ke nan. To ku gaya mini, da Ya Gana ta raɗa mini abin da ta gani, kuma kowa a layinmu ya san miyar Adunni gishiri da barkono ne suke kokawa a ciki, me zan yi in ban ɗauki mayafina ba?

Adunni ta harare ni. Sai ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta jawo wata jaka baƙa, ta zuge ta a gabana. Abin awon jini ne, irin mai batir.

"Ga miyar da yake sha," in ji ta. "Nawa ne, ni ma ai ciwon gare ni. Talata da Alhamis yake zuwa in auna shi. Ya haɗiyi ƙwayarsa da ruwa ya goge baki ya tafi. Ya ce kada in gaya miki, wai in kin ji lambar ba kya iya cin abinci."

Ta juyo mini da bayan wani kwali. Ga lambobi nan a jere da biro, kowacce da ranarta.

Kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa. Amma ni ba a kayar da ni a gaban mutane.

"To me ya hana ki faɗa tun farko, kika bar ni ina ta ɓata yawuna?"

Matan nan biyu suka fashe da dariya. Adunni ba ta yi ba. Ta zuge jakarta ta juya mini baya.

Daidai nan Yewande ta sauka daga kan acaɓa. Ita ce 'yar Adunni ta fari, kuma a bayana ta girma, don lokacin uwarta tana fama da kasuwa. Ɗan Fulatancin da take ji ma a bakin Malam ta koya. Yanzu ta zama babbar mace, ta yi karatun haɗa sinadarai, tana aiki a wani kamfanin ruwan leda, ita ce mai duba ruwan kafin a ɗura. Ta saurari uwarta, ta saurare ni, sannan ta kama hannuna.

"Inna, mu je in ga madafarki."

"Ki ga me? Babu gishiri ko na maganin ido."

"Mu je dai."

Ta buɗe tukunyar miyar kuka, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Ta sake lasa. Ta ce lallai babu gishiri. Na ce ai na faɗa. Sai idonta ya faɗa kan gorar nan ta lita biyu da ke jingine bayan randa.

"Wannan fa?"

"Ruwan kanwa ne. Kanwa ungurnu ce mai kyau, daga wurin Ya Gana. Dakawa nake in jiƙa, in ta kwanta in riƙa tsiyaya."

Ta ɗaga gorar ta duba ta a haske, ta yi mini wani kallo irin wanda ba na so.

"Kada ki soma," na ce. "Kanwa ba gishiri ba ce. Ko makaho ya lasa ya san daban suke."

"Inna, in kin zuba gishiri a ruwa, ina yake zuwa?"

"Narkewa yake."

"Rabuwa yake. Kowace ƙwaya gida biyu take rabuwa, kowane ɓangare ya kama gabansa a cikin ruwan."

"Kamar Sha'aban direba da matarsa."

"Inna!"

"Ci gaba. Ai kowa ya sani."

"Waɗannan ɓangarorin su ake kira ayon. Ido ba ya ganinsu. Ɗaya daga cikinsu sunansa sodiyam, shi ne yake riƙe ruwa a jiki har jini ya hau. Shi likita yake gudu, ba farin gishirin ba. To kanwa ma in ta narke rabuwa take, kuma sodiyam ne yake fitowa daga cikinta. Abokin tafiyarsa ne kawai ya bambanta. Jinin Baba kuwa ba ya tambayarsa daga gidan wa ya fito."

Na ce ban yarda ba. Uwata ta sha kunun kanwa har ta kusa shekara casa'in, kuma ranar da za ta rasu ma sai da ta yi wa mai nono faɗa.

"Ban ce ki yarda ba," in ji Yewande. "Wataƙila ma ɗan kaɗan ne a ciki, bai kai a yi magana ba. Gobe Asabar, zan roƙi oga ya ara mini kayan aiki mu auna. Amma kada ki taɓa gorar nan, kada ki ƙara mata ruwa."

Yarinyar nan ta san ni. Abin da nake shirin yi ke nan.

Washegari da hantsi ta shigo da kwali a hannu. Uwarta tana biye da ita da kujerarta 'yar tsuguno, ta zauna can gindin darbejiya, ta gaida Malam, ta gaida awaki ma in ba idona ya ruɗe ni ba, ni kuwa ko kallo. Malam yana kan tabarma da rediyo a kunne, yana nuna shi ba ruwansa da shirmen mata.

Yewande ta ɗora kaya a kan tebur. Ta kafa wani dogon bututun gilashi mai zane-zane a jiki, da ɗan famfo a gindinsa. Ta cika shi da wani ruwa garau daga kwalba, ta ce kowa ya janye hannunsa.

"Wannan asid ne, Inna. Tsami ne mai ƙarfi."

Ta tace ruwan kanwata da wata farar takarda, ta auni mili goma cif, wajen cokalin shayi biyu ke nan, ta zuba a wani kofin gilashi mai tsukakken wuya. Ta ɗiga wani magani sau biyu, ruwan ya koma ruwan ɗorawa. Sannan ta murɗa famfon, tsamin ya soma sauka ɗis, ɗis, tana jujjuya kofin. Sai ga kumfa tana tasowa, tana 'yar ƙara shuuu.

"Au!" na ce. "Wannan ne ilimin? Ai kashe tsami kike yi. Haka miyar yakuwa take yi in na zuba mata kanwa."

Yewande ta ɗago kai tana murmushi. "Shi ne, Inna. Ke kina kashe tsami da kanwa, ni ina kashe kanwa da tsami. In yakuwarki ta yi tsami da yawa, kanwa nawa take ci?"

"Da yawa mana."

"To ni na san ƙarfin tsamina daidai. In na ga yawan da ruwanki ya cinye kafin ya mutu, na san abin da ke cikinsa."

Na waiwaya na dubi Adunni in ga ko ta ji yadda na gane da wuri. Tana can tana duba farcenta.

Ɗigon ya ci gaba da sauka. Can sai ruwan ɗorawar nan ya juye lokaci ɗaya, ya yi ja-ja kamar zoɓon da aka sirka. Ta rufe famfo, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da zanen, ta rubuta. Ta wanke kofin ta sake daga farko. Ta kuma sakewa.

"Sau nawa za ki yi? Ko ba ki yarda da kanki ba ne?"

"Sau uku. Kada ki ce hannuna ne ya goce."

Na farko ya ci mili ashirin da ɗan ɗori, na biyu ya gaza ashirin da ƙiris, na uku ashirin cif. Ta ce a ɗauka ashirin. Takardar da ta yi lissafin tana nan ƙarƙashin katifata, daga ita nake kwafo muku, kada ku ce ƙari na yi.

"To su ayon ɗin guda nawa ne?" na tambaya. "Ɗari? Dubu?"

"Ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, Inna, sun fi yashin kogi yawa. Ke da ƙwaya kike ƙirga gero?"

"Da mudu."

"Mu ma muna da mudunmu, sunansa mol. Tsamin nan nawa, kowace lita ɗaya tana ɗauke da kashi ɗaya cikin biyar na mol. Lita kuwa mili dubu ce, mu ashirin kawai muka kashe." Ta danna wayarta. "Huɗu cikin dubu na mol ke nan. Kowace ƙwayar tsami ɗaya da ta mutu a kofin nan, a madadin sodiyam ɗaya ta tsaya. Saboda haka cikin mili goma na ruwanki akwai sodiyam huɗu cikin dubu na mol."

"Huɗu cikin dubu!" Na tafa hannu. "Malam, ka ji? Huɗu cikin dubu. Ko kaza ba za ta ƙoshi ba."

"A cokali biyu ke nan, Inna. Lita ta ninka haka sau ɗari, ya zama huɗu cikin goma. Kofin shan ruwa rubu'in lita ne, shi kuma ɗaya cikin goma. Mol ɗaya na gishiri nauyinsa giram hamsin da takwas da rabi. Ɗaya cikin gomansa, kusan giram shida."

Ta miƙa wa uwarta hannu. Ashe Adunni ta zo da ƙullin gishiri a bakin zani, kun ji shiri. Yewande ta ciko cokalin shayi ta ajiye kusa da kofin silba na Malam.

"Kofi ɗaya na ruwan gorar nan, sodiyam ɗin da ke cikinsa daidai yake da na wannan cokalin. Kuma mafi ƙaranci na faɗa, don kanwa takan zo da ainihin gishiri a jikinta, shi kuwa wannan awon ba ya kama shi. Abin da aka yarda mai lafiya ma ya ci a wuni guda bai cika cokalin nan ba."

Na lura rediyon Malam ya yi shiru, amma yana nan manne a kunnensa.

"To wa yake shan kofi guda?" na ce. "Ludayi ɗaya nake zubawa a miya. Ɗaya tak."

Ta ɗauko ludayin nawa ta auna. Mili ɗari. Ta ce goma ne a lita, ashirin a gora. In ɗaya nake zubawa kullum, gorar za ta yi mini kwana ashirin.

"Haka take yi," na ce.

"Yewande," in ji Adunni daga gindin bishiya, tana kallon sama, "ki gaya wa maƙwabciyarmu ina jin dakan kanwarta ta katanga. Litinin da Juma'a, bayan sallar walaha. Wata uku ke nan ba fashi."

Kun ga illar katanga ɗaya. Ni da nake jin duk abin da ake yi a gidanta, ban taɓa kawowa a raina ita ma kunnuwa gare ta ba.

"Gora biyu a sati," in ji Yewande. "Ludayi arba'in. Kusan shida ke nan kullum. Inna?"

Na gyara ɗaurin ɗankwalina. Na kori akuya da ba ta yi mini komai ba.

"Uku," na ce. "Ɗaya a kunun safe, ɗaya a miyar rana, ɗaya a ta dare. Da can rabin ludayi nake sawa. To ya zan yi? Mutum ya zauna gaban tuwo yana juya loma kamar an ba shi magani. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na lura in na ƙara kanwa yakan ɗan ci da dama. Likita gishiri ya ce. Bai ce kanwa ba."

Na sunkuyar da kai.

Yewande ta dafa gwiwata. "Ba wanda ya gaya miki, Inna. 'Yan boko da yawa ma ba su sani ba. Amma uku kika ce. Saura kusan uku."

"Wallahi uku ne. Wannan karon ki kawo Alƙur'ani."

"To ina sauran suke tafiya? Kofi guda ne fa da ɗan ɗori, kullum."

Ni na dubi Adunni, karo na farko ita ma ta dube ni. Sai muka juya gaba ɗaya muka dubi tabarma.

Malam yana ta murɗa rediyon da ba ya magana.

"Baba," in ji Yewande a hankali.

"Ƙwannafi ne yake damuna," in ji shi, bai ɗago ba. "Tun kakanninmu kanwa ake sha wa ƙwannafi."

"Ƙwannafi!" na ce. "Yaushe ka soma ƙwannafi ban sani ba? Kuma yaushe kake sha, ina gidan nan?"

"Kina gidan nan?" Ya ajiye rediyon. "Daga an sallame azahar kin ja mayafi, wai za ki duba mai jego. Mai jegon nan wata uku ba ta yi arba'in ba? Sai la'asar ki dawo da labarin gida bakwai. Ni kuwa ina zaune bakina kamar na tauna auduga. Duk gidan nan abu ɗaya ne ya rage mai ɗanɗano, shi ne gorar can. In cika kofina in zauna in kurɓa a hankali. Laifi ne?"

Yewande ta haɗa lissafin a takarda. Kofinsa cokali ɗaya. Rabonsa daga ludayina uku, tunda ya fi ni ci, ta sa biyu, shi ma ya kusa cokali. Ta ce Baba yana cin kusan cokali biyu na gishiri kullum a gidan da babu gishiri.

"Kun ga ni nawa bai kai nasa ba," na ce. "A rubuta wannan."

"Wa ya jiƙa?" in ji Malam.

"Wa ya sata?"

"Mutum yana sata a gidansa?"

Muna cikin haka na lura Adunni ta yi wani irin shiru, ta sa hannu a haɓa. Ni kuwa shiru ba ya wuce ni.

"Maman Yewande," na ce, "miyar ayoyon nan taki mai yauƙi har gwiwar hannu, da me kike kaɗa ta?"

Ta kau da kai, ni kuwa na ƙara matsa mata.

"Wa na gani ran kasuwa a gaban tiren Ya Gana tana cewa a ƙara mata gyara?"

"Mama!" in ji Yewande. "Ke ma? Shekara biyu ina saya miki ƙwayoyi!"

"Ɗan mitsitsi nake sawa," in ji Adunni.

"Ludayi ɗaya tak," na ce. "Ni ma haka na ce."

Ta so ta ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki, ni ma na kama, muka yi ta yi har hawaye. Na matsa kusa da ita na ce, "Ki yafe mini na jiya, bakina ne ya riga hankalina." Ta ce, "Yau ya fara?" Shi ke nan muka shirya.

Yewande ta ce kada wanda ya daina shan ƙwayarsa, kuma a kai wa likita takardar nan ya gani da idonsa, don ita ruwa take aunawa, ba mutane ba. Ragowar kanwar na zuba wa awaki, su ba su da ɗa a Bauchi. Gorar kuwa Adunni ta tafi da ita, wai ba ta yarda da mu biyun ba. Ni ma na aika aka karɓo mini ƙullin tata.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Wake ya ƙi nuna sai na jiƙa shi tun safe. Miyar kuka ta yi duhu. Na ƙara daddawa, na ƙara citta da tafarnuwa, na matsa lemon tsami a kan komai. Yawon azahar ma na daina, na zauna gadin tsoho, har Ya Gana ta aiko a tambaya ko lafiya. Labarin auren 'yar mai kantin maganin bakin kasuwa sai da ya kwana uku kafin ya iso ni, abin da bai taɓa faruwa ba. Talata da Alhamis kuwa tare muke zuwa shagon Adunni. Lambar tana sauka kamar tsohuwa a kan tsani, yau ta sauko taki biyu, jibi ta koma ɗaya.

Ran ashirin ga wata Abubakar Siddiƙ ya iso da sassafe. Na leƙa motar na ga ya kwashe komai daga kujerar baya, har da filo ya ajiye. Muka tafi asibiti mu uku. Likita ya karanta takardar Yewande tun daga sama har ƙasa, ya ce wa ya yi wannan, na ce 'yata ce. Ya ce daga yau zai riƙa ambaton kanwa in yana yi wa mutane bayani. Ya ɗaura abin awo. Ni dai salati nake yi.

Ɗari da arba'in da takwas.

Ya ce bai isa inda ake so ba, amma hanya ta yi kyau, a ci gaba da abin da ake yi, a dawo bayan wata.

Da muka dawo gida na tuƙa tuwon dawa na kaɗa kuɓewa busasshiya. Ba sai an gaya mini ba, miyar ba ta yi ba. Tsululu take, ba yauƙi, ba komai. Na kai musu ɗakin Malam na zauna daga bakin gado. Abubakar Siddiƙ ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, ya sha ruwa.

"Alhamdu lillahi, an samu sauƙi," in ji shi. "Amma Baba, ɗari da arba'in da takwas ɗin ma da saura. Ko dai mu tafi ɗin, ko na wata ɗaya ne? Inna ma ta huta. Ka ga can akwai kayan lambu, akwai kifi, Asma'u za ta..."

"Kai, Siddiƙu."

"Na'am, Baba."

"Ka ɗanɗani miyar nan?"

"Na ɗanɗana."

"Shekarata saba'in da shida, ban taɓa shan mummunar miya irinta ba. Ba gishiri, ba kanwa, ba yauƙi. Ruwan wankin kwano ya fi ta fasali."

"Shi ya sa na ce, Baba..."

"Matar nan tun asuba take tsaye a kanta. Sati biyu ba ta leƙa gidan kowa ba, ka san abin da wannan yake nufi a wurinta? Ita ma irinta take sha, alhali lafiyarta ƙalau. Sai ka zo mini da filo a bayan mota?" Ya yunƙura ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "Ita ta ɓata, ita za ta gyara. Kuma ita zan sha, a gidana, har likita ya gaji da ganina."

"Malam, zauna mana ka ƙarasa," na ce. "Jininka zai hau."

"Ke kuma ki yi mini shiru, mai ludayi ɗaya tak!"

Ya sunkuya ya ɗauki kwanon tuwon da hannu ɗaya, ya ɗora na miyar a kai, ya zura takalmansa a karkace. Ya fice zuwa zaure, ya sa ƙafa ya janyo ƙofar ta bugu garam.